Karin Kumallo Mai Sanyi: Ƙwaya, Nono da Ƴaƴan Itace

Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Manomin da zai tafi gona, da macen da za ta tafi rijiya, da yaron da zai tafi lakwal, kowannensu yana bukatar abin da zai sa a cikinsa da safe. Daga tuwon dare zuwa wayewar gari, ciki yakan yi awa 10 ko fiye bai karɓi komi ba. Wanda ya fita aiki haka nan, kafin rana ta take ƙarfinsa ya rage. Yaron da ya shiga aji da yunwa kuwa, kunnensa ne ke wurin malami, hankalinsa yana gida.

A darasinmu na yau za mu duba wani karin kumallo da ba a ɗora shi bisa wuta. Sanyi ake cin sa. Abubuwa uku ne ginshiƙinsa: ƙwaya, nono, da ɗan itace. Za mu ga inda ya samo asali, da amfaninsa ga jiki, da yadda ake haɗa shi ba tare da an jawo ma iyali ciwo ba. Daga ƙarshe za mu auna shi da furarmu ta gida.

1. Mene ne abuwan?

Abuwan wata ƙwaya ce, dangin alkama da sha'ir. Da Faransanci ake kiran ta haka, kuma a jikin gwangwani ko leda za mu ga an rubuta «avoine». Mutane da yawa sun fi sanin ta da sunan Quaker, wato sunan wani kamfanin da ke sayar da ita.

Abuwan tana son sanyi da laima. Shi ya sa ƙasashen da suka fi noma ta su ne Kanada da Rasha, sai wasu irin su Polan, Finlan da Ostareliya. Zafin ƙasarmu bai dace da ita ba. Wadda muke gani cikin kantunan Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, daga waje ake kawo ta.

In mun buɗe gwangwanin, ba ƙwaya ɗai-ɗai za mu gani ba. Za mu ga wasu ƴan falle-falle farare, marasa nauyi. Dalili shi ne a masana'anta an riga an yi mata aiki huɗu: an cire ƙaiƙayinta, an turara ta da tururin ruwan zafi, an matse ta tsakanin ƙarafa har ta baje, sannan an busar da ita. Wannan turarawa ita ce ta sa ake iya jiƙa ta a ci ba tare da an sake dafa ta ba. Mu riƙe wannan da kyau, domin za mu koma kansa in mun zo maganar hatsi.

2. Inda abincin ya samo asali

A ƙasar Suwis, cikin Turai, an yi wani lokotoro mai suna Maximilian Bircher-Benner. An haife shi a shekarar 1867, ya rasu a 1939. A zamaninsa lokotoro da yawa na Turai suna ganin nama shi ne sarkin abinci, kuma ba su yarda da cin ɗanyun ƴaƴan itace da ganye ba. Shi kuwa ya lura marasa lafiyarsa suna jin daɗin jikinsu in suna cin su.

Wajen shekarar 1900 ya shiga ba su wani haɗi. A 1904 ya buɗe gidan jinyarsa bisa wani tudu na birnin Zurik, inda haɗin ya zama abincin yau da kullum. Ga yadda yake yin sa don mutum ɗaya:

- babban cokali 1 na abuwan, a jiƙa cikin cokali 3 na ruwa har awa 12;
- cokali 1 na madarar gwangwani mai kauri;
- ruwan lemun tsami;
- tuffa, wadda ake kira pom a kasuwa, ɗaya ko biyu, a gurza har da ɓawonta;
- cokali 1 na dakakkun ƴaƴan itace masu mai, waɗanda ke yin aikin da gujiya take yi a wurinmu.

Wannan haɗi shi ne ya bazu cikin duniya da sunan musli. Akwai abu biyu da ya kamata mu lura da su. Na farko, abuwan cokali ɗaya ce kawai. Ɗan itace shi ne ya fi yawa cikin kwanon. Na biyu, ya zaɓi madarar gwangwani ne domin ɗanyar madarar shanu ta wancan zamani tana iya ɗauke da cutar tarin fuka. Ke nan tun farko abincin nan ya tsaya bisa ƙafa biyu: yawan ɗan itace, da tsabtar madara.

A lokacin da ya fara wannan aiki, ba a ma san bitamin ba. Sai a shekarar 1912 aka raɗa wannan suna. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa ƴaƴan itace da ganye suna da babban rabo wajen tsare lafiya.

3. Abin da kowane ginshiƙi yake ba jiki

Ƙwaya tana ba da ƙarfin aiki. Ana auna ƙarfin da abinci yake ba jiki da wani ma'auni mai suna kalori. Garam 100 na abuwan yana da kalori wajen 380, da garam wajen 13 na furotin, wato abin da ke gina tsoka. Tana kuma da dusa mai yawa, wadda ke sa bayan gida ya fita ba wahala.

In an jiƙa abuwan, za mu ga ta yi ɗan yauƙi kamar miyar kuɓewa. Abin da ke kawo yauƙin nan sunansa beta-gulukan. Cikin hanji yana rage saurin shigar sukari cikin jini, kuma yana sa mutum ya daɗe bai ji yunwa ba. Yana kuma taimakawa wajen rage wani kitse na jini mai suna kolestarol, wanda in ya yi yawa yakan toshe jijiyoyin zuciya. A shekarar 1997 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a rubuta wannan amfani a jikin kwalin abuwan. Abin da ake bukata shi ne garam 3 na beta-gulukan a yini. Kwano ɗaya mai garam 40 na abuwan yana ba da wajen rabin wannan. Amma mu gane: abuwan abinci ce, ba magani ba ce. Wanda aka rubuta ma magani a likita, kada ya bar shi don yana cin abuwan.

Nono yana gina jiki. Yana da furotin mai kyau, da kalsiyom mai ƙarfafa ƙashi da haƙora.

Ɗan itace yana kare jiki. Mangwaro nunanne da gwanda suna ba da bitamin A, mai tsare ido daga dundumi, mai kuma taimakon yaro ya jure ma cuta. Gwaba, lemu da garin ƴaƴan kuka suna ba da bitamin C. Wannan bitamin yana da wani aiki babba. Cikin ƙwaya akwai sinadarin ƙarfe, wanda jiki yake yin jini da shi, amma hanji ba ya iya tsotse shi sosai in ƙwaya kaɗai aka ci. In aka haɗa ta da ɗan itace mai bitamin C, sai jiki ya ƙara samun rabonsa. Mata masu ciki, masu shayarwa da ƙananan yara, waɗanda ƙarancin jini ya fi kamawa, su ne suka fi cin ribar wannan haɗi. Shayi kuwa akasin haka yake yi: yana tare hanyar sinadarin ƙarfe. Don haka ya fi kyau a bar awa ɗaya tsakanin abinci da shayi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muke kira OMS, ta ce babban mutum ya ci aƙalla garam 400 na ƴaƴan itace da ganye kowace rana. Naman babban mangwaro ɗaya yana iya kai garam 200. Wanda ya sa shi cikin karin kumallonsa, ya yi rabin tafiya tun da safe.

4. Yadda ake haɗa shi

Kayan da ake bukata don mutum ɗaya:

- abuwan, babban cokali 4 cike sosai, wato wajen garam 40;
- tafasasshen ruwan da ya huce, rabin kofi;
- nono ko kindirmo mai tsabta, rabin kofi;
- ɗan itace nunanne: mangwaro 1, ko ayaba 1, ko gwaba 2, ko tsagin gwanda;
- soyayyar gujiya ko riɗi, dakakke, babban cokali 1;
- ruwan lemun tsami kaɗan, ko ƙaramin cokali 1 na garin ƴaƴan kuka.

Akwai hanya biyu, kuma abin da ya raba su shi ne firigo.

Hanya ta farko, ga gidan da babu firigo. Da safe ake yin komi.

1. Mu wanke hannu da ruwa da sabuni. Mu wanke kwano, cokali da wuƙa.
2. Mu zuba abuwan cikin kwano, mu zuba ruwan da aka tafasa ya huce, mu motsa.
3. Mu rufe kwanon, mu bar shi minti 20 zuwa 30. Abuwan za ta sha ruwa ta yi laushi.
4. Kafin nan, mu wanke ɗan itacen, mu fere, mu yanka ƙanana ko mu murtsuke shi.
5. Mu zuba nono, mu zuba ɗan itace da ruwan lemun tsami, mu gauraya.
6. Mu barbaɗa gujiya a bisa, mu ci nan take.

Hanya ta biyu, ga gidan da ke da firigo mai aiki. Da dare za a haɗa abuwan, ruwa da nono cikin kwano mai marfi, a sa cikin firigo ya kwana. Da safe a yanka ɗan itace a zuba, a barbaɗa gujiya. Haɗin da ke cikin firigo kada ya wuce kwana 2. In wuta ta ɗauke cikin dare har kwanon ya bar sanyi, kada a ci shi haka.

Wani zai tambaya: lokotoron Suwis ya jiƙa tasa awa 12, don me mu za mu tsaya a minti 30? Amsa ita ce ƙasarsa ƙasar sanyi ce, tamu kuwa ta zafi. Cikin watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a garuruwanmu. Ban da haka, abuwan ta gwangwani ta yanzu falle-fallenta sirara ne, ba ta bukatar dogon jiƙo.

5. Ƙofofi huɗu da cuta take shigowa

Wuta tana kashe ƙwayoyin cuta. Abincin da ba a ɗora bisa wuta ba ya rasa wannan mai gadi. Saboda haka mu ne za mu tsare ƙofofin da kanmu.

Ƙofa ta farko: nono. Ɗanyar madarar saniya, akuya ko raƙuma tana iya ɗauke da cutar tarin fuka, da cutar bakkale, wadda ke sa dabba ɓari, ta kuma sa mutum zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi. Dabbar tana iya zama da ƙiba da kyan gani alhali cutar tana jikinta. Tsamin nono kuma ba ya kashe dukan ƙwayoyin nan. Maganin abin shi ne a tafasa madara, a bar ta ta huce a rufe, sannan a zuba ɗan kindirmo mai kyau a bar ta ta yi barci. Wanda zai yi aiki da madarar gari, ya dama ta da tafasasshen ruwa.

Ƙofa ta biyu: ruwa. Ruwan tabki, na gulbi da na rijiyar da ba ta da marfi suna kawo zawo, zazzaɓin hanji da kwalara. A tafasa ruwan har ya yi ta ɓulɓula, ko a sa masa ƙwayar tsabtace ruwa bisa ƙa'idar da aka rubuta a jikin takardarta. Mu yi hattara da ƙanƙarar da ba mu san da wane ruwa aka yi ta ba. Sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta, kwantar da ita kawai yake yi.

Ƙofa ta uku: ɗan itace. Kafin ya iso gidanmu ya sha ƙura, ƙuda ya sauka a kansa, hannuwa da yawa sun taɓa shi. A wanke shi da ruwa mai tsabta tun kafin a sa wuƙa, domin wuƙa tana ɗaukar dauɗar ɓawo ta kai ta ciki. Wanda ya ruɓe a jefar. Haka ma gujiya: duk wadda ta yi funfuna, ko ta yanƙwane, ko take da ɗaci, a tsince ta a zubar. Funfunar gujiya tana da guba mai lalata hanta, kuma suya ba ta kawar da ita.

Ƙofa ta huɗu: lokaci. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60. In sun sami nono da ɗumi, wasunsu suna ninka yawansu cikin minti 20. OMS ta ce kada a bar abinci mai saurin lalacewa a waje fiye da awa 2. Cikin bazara gara ma a rage. Randa da jiƙaƙƙen buhu suna sanyaya abu, amma sanyinsu bai kai na firigo ba, wanda ya kamata ya zama ƙasa da digiri 5. Don haka mu haɗa daidai abin da za mu cinye.

Uwar da ta tsare ƙofofin nan huɗu ta tsare ƴaƴanta daga zawo. Zawo kuwa yana cikin manyan cututtukan da ke ramar da ƙananan yara, har su kai su ga halaka. Riga-kafi ya fi magani.

6. Maganar sukari

Da yawa daga cikinmu ba mu jin daɗin abu sai ya sha sukari. Amma sukari ba ya gina jiki, ba ya kare shi. In ya yi yawa yana ɓata haƙora, yana kawo ƙiba, ƙiba kuma tana buɗe hanya ga ciwon sukari da hawan jini. A shekarar 2015 OMS ta ba da shawara cewa sukarin da babban mutum yake ƙarawa cikin abinci da abin sha kada ya kai garam 50 a yini, wato ƙaramin cokali wajen 12. Ta ce in an tsaya a cokali 6 ya fi. Mu tuna wannan lissafi ya haɗa har da sukarin shayi, na kunu, da na lemun kwalba.

Nunannen mangwaro da ayaba suna da zaƙinsu. In ana son ƙari, a yanka dabino 2 a zuba. Madarar gwangwani mai kauri, wadda lokotoron Suwis ya yi aiki da ita, kusan rabinta sukari ne. Mu da za mu iya tafasa madara, ba mu bukatar ta. Kuma ba abincin jariri ba ce ko kaɗan.

7. Mu yi lissafi, mu dubi furarmu

Mu ɗauki gwangwanin abuwan mai garam 500. Mutum ɗaya yana cin garam 40. In mun raba 500 da 40, za mu sami kwano 12, garam 20 ya yi saura. Gida mai mutum 6 yana bukatar garam 240 kowace safiya. Ke nan gwangwani ɗaya kwana 2 zai yi musu. A wata ɗaya sai sun sayi gwangwani wajen 15. Kowa ya tambayi kuɗin gwangwani a kanti, ya tambayi kuɗin tiyar hatsi a kasuwarsu, ya gwada. Zai ga cewa ga yawancin gidajenmu, abuwan ba abincin kullum ba ce.

To, wanda ba ya da halin sayen ta ya yi hasara ke nan? A'a. Mu koma ga ginshiƙai uku: ƙwaya, nono, ɗan itace. Fura da nono ta riga ta tara biyu daga ciki, kuma sanyi ake shan ta. Kakanninmu sun san ta tun kafin a haifi lokotoron Suwis. Garam 100 na hatsi yana ba da kalori wajen 360 da furotin wajen garam 11. Tazarar da ke tsakaninsa da abuwan ba ta da yawa. Abin da abuwan ta fi shi da shi, shi ne yauƙin nan na beta-gulukan. Abin da hatsi ya fi ta da shi kuwa, yana cikin rumbunmu, kuma yana jure ma zafi da ƙarancin ruwa.

Duniya ma ta san darajarsa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 ta zama shekarar hatsi da danginsa. A 2018 kuma an fitar da wani irin hatsi a Nijar mai suna Chakti, wanda cibiyar bincike ta ICRISAT, mai reshe a Sadore kusa da Yamai, ta samar. Ya fi hatsin da aka saba yawan sinadarin ƙarfe, kuma yana nuna da wuri. Mai son irin ya tambayi malamin gona na yankinsu.

Ga abubuwa biyar da za su ƙara ma furarmu daraja:

1. A sassauta surfe. Dusar da muke fitarwa tana tafiya da wani kashi na sinadarin ƙarfe da bitamin. A fitar da ƙaiƙayi da tsakuwa, amma kada a surfe hatsi har ya yi fari tas.
2. A dafa dawo ya dahu har tsakiya. Mun ga cewa abuwan turararriya ce tun daga masana'anta. Ɗanyen garin hatsi bai sami wannan ba. Shi ya sa ba za a jiƙa shi kawai a ba ƙananan yara ba. Gumba ta fi wuyar narkewa a ciki, kuma wuta ba ta tsabtace ta ba.
3. A dama da tafasasshen nono da ruwa mai tsabta.
4. Kada a tsinka ta da ruwa. Farau-farau yana cika ciki, amma ba ya riƙe shi. Cikin yaro ƙarami ne. In ruwa ya cika shi, abinci ba ya samun wuri.
5. A ƙara ginshiƙi na uku. A murtsuke mangwaro, ayaba ko gwanda a zuba, ko a tankaɗe garin ƴaƴan kuka a dama da shi. Wanda bai saba da haɗawa ba, ya ci ɗan itacen a gefe, lokaci guda da furar. Amfanin ɗaya ne.

8. Ina za mu sami ɗan itace?

Kowane lokaci na shekara yana da nasa. Da bazara mangwaro yakan cika kasuwa har ya riƙa ruɓewa. Da sanyi ga lemu, ga kankana, ga magarya, ga ƴaƴan kuka. Garake na Gaya suna ba da mangwaro da lemu. Timiya, cikin duwatsun Abzin, ta yi suna wajen lemu. Dabino yana zuwa daga Bilma da sauran garuruwan Kawar. Mirya, kusa da Damagaram, an san ta da garake da itatuwan kuka. Dabino da ƴaƴan kuka suna ajiyuwa wata da watanni in an tsare su daga laima da ƙwari.

Mangwaron bazara ma ana iya ajiye shi. A zaɓi nunanne wanda bai yi laushi ƙwarai ba. A wanke, a fere, a yanka siri-siri. A shanya bisa tabarma mai tsabta, a kan abu mai tudu, ba a ƙasa ba. A lulluɓe da ƙyalle marar kauri saboda ƙuda da ƙura. Wuri mai iska da ƴar inuwa ya fi tsakiyar rana, domin rana mai zafi tana rage bitamin. In ya bushe har ba ya fitar da ruwa in an matsa, a zuba cikin gwangwani mai marfi.

Amma ɗan itacen da ya fi araha shi ne na tsakar gida. Gwanda tana fara haihuwa cikin shekara ɗaya in ta sami ruwa da taki. A shuka ƙafa 3 ko 4, domin akwai namiji akwai mace, kuma namiji ba ya yin ƴaƴa. Gwaba takan fara bayan shekara 2 ko 3. Mangwaro mai aure, wanda ake kira girefe, yakan fara bayan shekara 3 ko 4, ya riga wanda aka shuka daga ƙwallo. A gina rami mai faɗi, a cuɗa ƙasa da ruɓaɓɓen taki, a dasa farkon damina, a kewaye da ƙaya saboda awaki. Ruwan da aka wanke hatsi ko ganye da shi ya isa a riƙa ba ƙaramin itace. Ma'aikatan gandun daji da masu rainon itatuwa suna iya nuna mana irin da ya dace da ƙasar garinmu.

9. Wa zai ci, kuma yaya?

Jariri daga haihuwa zuwa wata 6: nonon uwa kaɗai, ko ruwa ba a ba shi.

Daga wata 6 zuwa shekara 1: a ci gaba da shayarwa. A dafa masa abuwan ko garin hatsi ya zama kunu mai kauri, a bar shi ya huce, a murtsuke ɗan itace a zuba. Kada a ba shi zuma kafin ya cika shekara 1, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjinsa bai iya yaƙi da ita ba tukuna.

Yaro ƙasa da shekara 5: a daka gujiya ta yi laushi. Ƙwayar gujiya sukutum tana iya shaƙe shi. In bayan ya ci gujiya jikinsa ya yi ƙuraje, ko leɓensa ya kumbura, ko numfashi ya yi masa wuya, a kai shi likita nan da nan.

Mai ciki da mai shayarwa: su ci kwano cikakke, su tabbata nonon tafasasshe ne.

Tsofaffi: abincin nan mai laushi ne, ba ya neman haƙori.

Mai ciwon sukari: kada ya sa sukari ko zuma, ya rage dabino, ya kuma nemi shawara a likita bisa yawan abin da zai ci.

Abin da za mu riƙe

Karin kumallo mai kyau yana da ginshiƙi uku: ƙwaya mai ba da ƙarfi, nono mai gina jiki, ɗan itace mai kare jiki. Mai abuwan ya jiƙa ta minti 30 da safe, ko ya kwanar da ita cikin firigo. Mai hatsi ya dama furarsa da kauri, ya ƙara mata ɗan itace. Dukansu biyu su tafasa madara, su tsabtace ruwa, su wanke ɗan itace, su cinye abin da suka haɗa kafin awa 2.

Tambayoyi

1. Don me ake iya cin abuwan ta gwangwani ba tare da an dafa ta ba?
2. Waɗanne cututtuka biyu ne ɗanyar madara take iya kawowa?
3. Wane aiki bitamin C yake yi in an haɗa shi da ƙwaya?
4. Gida mai mutum 8, kowa yana cin garam 40 na abuwan. Garam nawa za su ci a kwana 5? Gwangwani nawa mai garam 500 za su saya?
5. Mu rubuta sunayen ƴaƴan itace 5 da ake samu a garinmu, da lokacin da kowanne yake nuna.